Tarihin Tsire, Gasar Mahauta da Lafiyar Mai Ci

Mai karatu, tsinken tsiren da kake saya da yamma a bakin tasha ya girmi tashar, ya kuma girmi takardar kuɗin da kake miƙa wa mai shi. Duk wanda ya saba cin kasuwannin kudancin Jigawa, irin su Fagam da Sara da Gwaram da Birnin Kudu, ya san lokacin da ciniki ke lafawa, hayaƙin tukuba ya tashi, mai awo da dillalin shanu su haɗu a gaban wuta ɗaya. Ana cin naman, ana gardamar wane ya fi wane iya gashi, amma da wuya a tsaya a tambayi inda sana'ar ta samo asali. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga lafiyarka, domin a cikinsa za ka ga abin da magabata suka tsare wanda mu muka yi sakaci da shi, da kuma abin da ilimin zamani ya gano wanda su ba su kai gare shi ba.

Shanu a jikin dutse

Tsohuwar shaidar wannan labari tana nan kusa da gida. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, waɗanda masu binciken kayan tarihi suka fito da labarinsu ga duniya a shekarun 1950. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, kuma shanu marasa tozo, saɓanin farare da jajayen shanun Fulani da ka saba gani a yau. Wannan ya nuna cewa kiwo ya daɗe ƙwarai a wannan yanki, tun kafin irin shanun da muke yankawa yanzu su cika ƙasar.

Inda duk aka yanka sa a ƙasa mai zafi, tambaya ɗaya ce ke tasowa: yaya za a yi da naman kafin ya lalace? Babu firji, babu ƙanƙara, kuma sa ɗaya ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kusan dukan nau'o'in naman da Bahaushe ya shahara da su amsar wannan tambaya ce. Tsire da balangu na wanda za a ci yau ne. Kilishi da banda da dambun nama na ajiya ne da guzuri. Soyen naman layya, wanda uwargida ke tsanewa cikin mai har ya bushe, yana kai wata da watanni. Watanda kuwa dabara ce ta raba sa ɗaya tsakanin gidaje da yawa, kowa ya ɗauki kason da zai iya cinyewa. Tun asali ke nan, gwanintar mahauci a kan tsare nama daga ɓaci aka gina ta, daɗin ɗanɗano daga baya ya biyo.

Abin da baƙo ya gani a Kano a 1824

A watan Janairu na 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton ya shiga Kano, ya zagaya kasuwar birnin, wato Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A bayanin tafiyarsa ya siffanta wuraren gashin nama kusa da mahauta: wutar itace a fili, an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa ƙananan yankan tsoka da kitse bi da bi. Ka ga tukuba ke nan kamar yadda ka san ta, shekara 200 da suka wuce.

Abubuwa biyu a bayaninsa sun cancanci ka lura da su. Na farko, ya yabi tsaftar wurin. Na biyu, ya ce mace ce ke zaune da faifai a cinyarta tana raba wa masu saye, alhali a yau sana'ar tsire ta zama ta maza kusan zalla. Bai kuma ɓoye wayon mahautan ba, don ya ba da labarin yadda wasu ke manna gashin tunkiya a cinyar akuya domin wanda bai sani ba ya saya a matsayin naman rago. Gaskiya da algus duka tsofaffi ne a wannan kasuwa.

Saboda haka ne sarautar Sarkin Fawa take da nauyi a garuruwan Hausa. Shi ne shugaban mahauta, waɗanda a wasu sassan ake kira Rundawa. A bisa al'ada, da saninsa ake yanka, shi ke hana a kawo dabbar sata ko mai ciwo, shi ke raba gardama tsakanin mahauci da mai dabba, shi ne kuma ke amsa kira a fada idan wani abu ya ɓaci. Kafin zuwan duba-gari da likitan dabbobi, idon Sarkin Fawa ne katangar da ke tsakanin jama'a da mugun nama.

Yadda yaji ya haɗu

Wanda ya ɗanɗani tsire ya san rabin daɗinsa a ƙuli-ƙuli da yaji yake. To amma gyaɗa ba 'yar asalin ƙasar nan ba ce. Daga Kudancin Amurka ta fito, ita da barkono, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka daga ƙarni na 16, sannan suka ratso cikin ƙasa sannu a hankali. Masoro da kimba 'yan kurmin Afirka ta Yamma ne, irin kayan da fataken goro ke haɗowa da su daga kudu. Citta mai yatsu asalinta Asiya ne, kanumfari kuma daga tsibiran Indonesiya ya taso, ya bi hannun 'yan kasuwa har ya iso kasuwanninmu. Idan mai tsire ya ɗebi yaji ya barbaɗa maka, kayan nahiyoyi uku ya haɗa a tafin hannunsa.

Gyaɗa ta yi ƙarfi sosai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga 1912 cinikinta ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, har aka kai ga dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Manoman ƙasar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Birnin Kudu da Gwaram kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, suka duƙufa ga nomanta. Mata a cikin gida suka riƙa matse mai, tunkuza ta wadata, ƙuli-ƙuli ya yi araha. Mai tsire ya samu garin da zai turbuɗa nama a ciki, mai kilishi ya samu abin dama laɓu.

Kilishi kuwa aiki ne na haƙuri. Ana zaɓar tsoka marar kitse, a feɗe ta da kaifin wuƙa har ta yi faɗi ta yi siriri kamar takarda, a shanya a kan gadon kara ta bushe. Sai a tsoma ta cikin laɓu, wato kwaɓin tunkuza da albasa da kayan yaji da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta kaɗan. Rana da gishiri da wuta sun janye ruwan da ƙwayoyin cuta ke rayuwa a cikinsa, shi ya sa kilishi ke daɗewa bai lalace ba, shi ya sa kuma ya zama guzurin fatake da mahajjatan ƙasa.

Tsire ya bi fatake

Duk inda Bahaushe ya kafa zango, mahauci na biye da shi. Shanun arewa sun riƙa gangarawa kudu, da ƙafa da kuma cikin taragun jirgi, aka kafa unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan a 1916. A can ne mutanen kudu suka saba da tsire, suka kira shi suya, kalmar da a Hausa take nufin soya abu cikin mai. Sunan ya bi duniya har ya shiga babban ƙamusun Ingilishi na Oxford. A Kamaru ana ce masa soya, a Gana cicinga, a Senegal kuma akwai gashin da ake jingina wa Hausawa da suna. A Sudan sunansa agashe, kuma kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan. Hausawa da Fulani sun daɗe suna bin hanyar Sudan zuwa Makka, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, jama'a da yawa sun yi hijira can, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sun tafi da harshensu da sana'o'insu, har da ta wuta da tsinke.

Sana'ar ta sha wuya a wasu zamunna. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya ta ratsa Afirka ta hallaka mafi yawan shanu, makiyaya da yawa suka wayi gari babu ko ɗan maraƙi. Ta sake dawowa Nijeriya da ƙarfi a 1983. Rigakafi ne ya kawo ƙarshenta, har aka bayyana a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Tsiren da kake ci a yau yana da bashin masu allurar shanu a kansa, kamar yadda yake da na makiyayan da ke kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis da ta Wudil ranar Juma'a.

Gasar mahauta ta gargajiya

Mahauta mutane ne masu son a san gwani. Kalangu kiɗansu ne, da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, da shi ake yi wa mahauci kirari. Dambe ma wasansu ne tun asali. Clapperton ya kalli dambe a Kano a wancan zuwan nasa, ya kuma ce ayarin mahauta ne suka rako 'yan damben da makaɗansu. Akwai kuma hawan ƙaho, inda mahauci ke tunkarar bijimi a gaban jama'a ya kama ƙahonsa don nuna jarunta. A waɗannan fagage ne mahauci ke neman suna.

Gasar gashi ita kuma ba ta da alƙali mai alƙalami, ba ta da kofi. Kasuwa ce alƙalinta. Masu tukuba biyu na iya zama kusa da juna, nama ɗaya, itace ɗaya, amma na ɗaya ya ƙare kafin isha, ɗayan ya kwana da nasa. Masu ci sun san abin da suke dubawa: yankan ya zama daidai don ya gasu tare, kitse ya ratsa tsoka ba tare da ya rinjaye ta ba, ƙuli-ƙuli ya kama jikin naman bai ƙone ba, yaji ya yi ƙamshi kafin ya yi zafi. Kowane gida na mahauta yana da sirrin haɗin yajinsa, uba ya koya wa ɗa. Yaro yakan fara da wanke tsinke da hura wuta, ya shekara yana kallo kafin a miƙa masa wuƙa. Da haka ake koyon son abin, mai yi da mai ci duka: harshe ne ke horuwa a hankali har ya iya bambanta balangun rago da na akuya, ko kilishin da rana ta busar da wanda aka yi wa gaggawa.

Garuruwa ma suna takara. Mutanen Nijar suna alfahari da kilishin Madawa, har ƙasar ta yi wa kilishinta rajista a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, tare da albasar Galmi, don kada wani ya sayar da nasa da sunanta. Kano da Sakkwato da Katsina kowace tana da masu rantsuwa cewa nata ne kan gaba.

Gasar zamani

A Amurka an mayar da irin wannan gardama gasa mai doka. A birnin Memfis an fara babbar gasar gashin nama a 1978, a Kansas Siti kuma a 1980, kuma a gasanni irin na Kansas alƙalai suna ba da maki a kan kyan gani da ɗanɗano da laushi. Kowane yanki na ƙasar yana kare salon gashinsa kamar yadda Bakano ke kare tsirensa. A Nijeriya ma gasar girki ta samu karɓuwa. A watan Mayu na 2023 Hilda Baci ta yi girki a Legas na awa 93 da minti 11, ta shiga kundin Guinness, kafin wani ɗan ƙasar Ailan, Alan Fisher, ya wuce ta a cikin shekarar. Matasanmu sun gani a waya, sha'awa ta motsa, ga masu koyar da gashi da haɗa yaji sun cika Facebook da TikTok.

Wannan sha'awa abar maraba ce, don tana ɗaukaka sana'ar da aka daɗe ana yi wa kallon raini. Sai dai in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kakanninmu a ƙauye sukan ci nama ranar kasuwa, ko ranar suna, ko da Sallah, sannan su koma gona da fartanya. Mai albashi a yau yana iya cin tsire kowane dare, ya kora da lemon kwalba, ya hau babur zuwa gida ya kwanta. Jikin bai sauya ba, yawan cin ne ya sauya.

Abin da likitoci suka gano

Nama abinci ne mai amfani. Yana gina jiki, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, abin da mata masu ciki da yara masu tasowa ke matuƙar buƙata. Ba a ce ka daina ba. Ga dai abin da ya kamata ka sani.

A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa don ajiya, ta hanyar gishiri ko hayaƙi da makamantansu, cikin abubuwan da ke jawo sankarar babban hanji. Ta ƙiyasta cewa cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Jan nama, wato na sa da rago da akuya, ta sanya shi a sahun abin da ake kyautata zaton yana jawo ta. Masana sankara suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Ma'anar wannan a aikace ita ce tsire da kilishi su zama na marmari, kifi da wake da kaza su cike sauran ranaku.

Wuta ma tana da nata. Idan kitse ya ɗiga a kan garwashi, hayaƙin da ya tashi yana manna wa naman sinadarai masu illa, haka ma ɓangaren da ya ƙone ya yi baƙi. A nan tsohuwar tukuba ta fi wayar ƙarfe da ake ɗorawa kan wuta kai tsaye, don tsinken da aka kafa a gefe zafi ne ke gasa shi, kitsensa kuma a toka yake ɗiga. Ka zaɓi wanda ya gasu ya yi ja, ka cire inda ya ƙone. Ka guji duk wurin da ake hura wuta da leda ko roba, ko ake babbake kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya.

Kishiyar ƙuna ita ce rashin gasuwa. Naman sa da bai nuna har ciki ba yana iya ɗauke da tsila. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zafin ya kai digiri 70 har tsakiyar naman, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Tsiren da ya huce tun la'asar, ƙuda da ƙurar mota suka sauka a kansa, ɗumamawa ta minti ɗaya ba ta isar masa. Ka sa a mayar da shi wuta ya yi zafi sosai a gabanka. Ka duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke yanka albasa, ko wuƙar ɗanyen nama ita ce ta gasasshe. Tawadar tsohuwar jarida da burbushin takardar siminti ba abin ci ba ne, kuma maiƙo mai zafi yana kwaso su, don haka ka tafi da kwanonka.

Sai gishiri. Ma'aunin da aka yarda da shi ga baligi shi ne ƙasa da giram 5 a rana, kusan cikin ƙaramin cokali ɗaya, kuma yajin zamani an cika shi da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su yi hattara, su ce a rage. Ƙuli-ƙuli ma a san asalinsa: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, wadda gashi ba ya kashewa, kuma tana lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Na ƙarshe shi ne dabbar kanta. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a yankin Suleja. Ita da tarin fuka na shanu suna kama mutum ta hanyar dabba mai ciwo. Araha a naman da aka yanka a ɓoye don dabbar ta kusa mutuwa ba riba ba ce, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Ka sayi nama inda aka yanka shi a kwata, aka kuma duba shi.

Idan wata rana matasan Fagam ko Gwaram ko Birnin Kudu suka shirya gasar tsire da kilishi, kuma ya dace su shirya, to a zaunar da Sarkin Fawa da likitan dabbobi da jami'in tsafta a cikin alƙalai. A ba da maki ga laushi da ƙamshi, a kuma ba da maki ga ruwan wanke hannu, da murfin da ke kare nama daga ƙuda, da irin itacen da aka hura. Kafin ranar ta zo, mai karatu, alƙalancin yana hannunka, domin mai tsire yana lura da abin da ke kawo masa ciniki. Ranar da ya ga ana barin tukubarsa ana zuwa ta maƙwabcinsa saboda tsafta, da kansa zai gyara. Allah ya ba mu lafiya, ya sa wa sana'ar albarka.